Yaran Sin da ƙarfin gidajensu: rashi ne ke ɓata hali ko rashin tarbiyya?

Maman Ilham, Wuhan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya da ake hirar makarantu a zauren nan, wani ɗan uwa ya ce yaran Sinawa duk natsattsu ne, ba ƙiriniya, ba taurin kai, karatu kawai suka sa a gaba. Maganar ta tsaya min a rai, kuma amsarta ta fi layi biyu, shi ya sa na buɗe mata wuri na daban. Karatun da ya kawo ni ƙasar nan kan rainon yara da halayyarsu ne.

A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike da likitocin Sin suka yi a kan 'yan makaranta sama da 73,000, masu shekara 6 zuwa 16, a Beijing da lardunan Liaoning, Jiangsu, Hunan da Sichuan. Kashi 17.5 cikin ɗari an same su da wata lalura ta tunani ko ta ɗabi'a, wato kusan yaro ɗaya cikin shida. Wadda ta fi yawa ita ce ta rashin natsuwa da rawar kai, sai fargaba, sai bijire wa na gaba.

Abin da nake so mu tattauna shi ne, wannan nauyin bai sauka daidai a kan kowane gida ba. Masu bincike suna auna ƙarfin gida da abu uku: abin da ke shigowa, zurfin karatun iyaye, da irin sana'arsu. Matsalar yaro kuma sukan kasa ta biyu. Akwai mai fitowa fili, irin faɗa, ƙarya, ɗauke-ɗauke da gudun makaranta. Akwai mai cin yaro a ciki, irin ƙunci, tsoro da keɓe kai. Abin da aka fi ganowa a Sin, kamar sauran ƙasashe, shi ne duka biyun sun fi yawa a gidajen da ba su da ƙarfi. Ni a ganina rashi ba ya taɓa yaro kai tsaye, ta jikin iyaye yake bi ya same shi. Ya cinye musu lokaci, ya cinye musu haƙuri, a Sin kuwa har yakan ɗauke su ɗungurungum daga gidan. Ina son jin ta bakinku.

Malam Na Sakkwato:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma ni ban gamsu ba. Mu da muka taso ba mu san wani abu wai kuɗin kashewa ba, riga biyu gare mu, ta sallah da ta kullum, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga wa babba murya. Yau ga wasu 'ya'yan masu hali nan muna gani, su ne kan gaba a shaye-shaye da raina mutane. In aka ce talauci ke ɓata yaro, an ci zarafin miliyoyin talakawa da suka tarbiyyantar da 'ya'yansu da kyau. Tarbiyya daban, aljihu daban. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarawar ba ta cin ko sisi.

Maman Ilham, Wuhan:
Allah ya gafarta Malam, ban ce ɗan talaka lalatacce ba ne, binciken ma bai ce haka ba. Akasarin yaran gidajen marasa ƙarfi lafiyarsu ƙalau, wasu ma sun fi kowa ladabi. Maganar ta yawa ce: in ka ɗauki yara ɗari a nan, ɗari a can, ina aka fi samun masu matsala? Kuma tambaya ɗaya zan yi, da neman afuwa. Lokacin da kuke tasowa da riga biyu, ina Baba yake kwana? Ina Inna take wuni? Ina jin a gida, ga kakanni, ga baffanni, ga malamin allo, ga maƙwabta da kowannensu ke iya tsawata muku. Mai tanƙwara iccen yana tsaye a kansa. Yaron da nake magana a kai, sau ɗaya yake ganin iyayensa a shekara.

Ɗan Kwari:
Wannan kam gani ya kori ji. Akwai wata mata a shagon da nake sarin yadi a Gwanzu, wato Guangzhou, ita ke lissafi da ɗaure kaya. Mijinta yana wata masana'anta a Dongguan. 'Yan lardin Hunan ne, 'ya'yansu biyu suna ƙauye wajen uwar mijin. Da yamma kafin a rufe shago sai ta buɗe kwanon shinkafarta, ta jingina waya a jikin kalkuleta, ta kira gida ta bidiyo. Ƙaramar takan ɗaga littafin aikin gida ta manna a kyamara, uwar tana tauna abinci tana duba mata lissafi, ga kwastoma a tsaye yana jiran rasit. Babban kuwa, namijin, ɗan shekara 12, da ya ji muryarta sai ya tashi ya bar ɗakin. Tafintana ya gaya min malamin yaron ya sha kiranta a kan faɗa a makaranta, kuma ya taɓa kwashe kuɗin kakar ya zuba a wasan waya. Na ce a tambaye ta me ya hana ta ɗauko su. Ta ce makaranta. Na yi mamaki, don ga makarantu nan birjik a garin. Ba ta zuwa gida sai lokacin sabuwar shekararsu, wanda duk mai sari ya san shi, masana'antu a rufe, kaya su tsaya cak.

Maman Ilham, Wuhan:
Alhaji, hukou take nufi. Rajistar gida ce da aka kafa da doka a 1958. Kowa yana da garin da aka rubuta shi, yaro kuma na iyayensa yake gada ko a ina aka haife shi. Gurbin makarantar gwamnati da yawancin tallafin hukuma sun rataya ne a kan inda rajistarka take. Mutum zai shekara ashirin yana aiki a Guangzhou, amma a takarda ɗan ƙauyen Hunan ne. Birane irin Guangzhou da Shenzhen suna ba 'ya'yan baƙi gurbi ta hanyar tara maki: shekara nawa ka yi kana biyan inshora, kana da takardar zama, kana da tsayayyen aiki da muhalli. To wa zai ci wannan gasar? Injiniya mai albashi. Mai ɗaure kaya a shago, ko telar da ba ta da takardar ɗaukar aiki, ita ce a ƙarshen layi. Abin da ya rage mata shi ne makarantar kuɗi, ko ta mayar da yaro ƙauye.

Kuma ba ƙaramin adadi ba ne. 'Yan asalin karkara da suka bar gona suna aikin ƙwadago sun kusa miliyan 300 a 2024, fiye da rabinsu sun bar yankunansu. Ƙungiyar matan ƙasar ta ƙiyasta a 2013, bisa ƙidayar 2010, cewa yara miliyan 61 ne a karkara da uba ko uwa ko duka biyun suka tafi neman kuɗi suka bari. A 2016 gwamnati ta sake ƙirgawa da ma'auni mai tsauri, 'yan ƙasa da shekara 16 da iyayen biyu ba sa nan, ko ɗaya ya tafi ɗayan ba ya iya kula da su, ta samu miliyan 9. Mafi yawansu a hannun kakanni suke. Kada a ga laifin masu tafiyar: a 2023 matsakaicin abin da ɗan birni ke samu a shekara yuan (kuɗin Sin) 51,821 ne, na ɗan karkara 21,691.

Sadaukin Zazzau:
Ni fa na ɗauka China ta gama da talauci?

Likitan Xi'an:
Matsanancin talauci suka ce sun kawar. A Fabrairun 2021 shugaba Xi Jinping ya sanar cewa an fitar da mutum kusan miliyan 99 daga cikinsa a shekara takwas, kuma aiki ne babba. Amma a Mayun 2020 firaminista Li Keqiang da bakinsa ya ce mutum miliyan 600 abin da ke shigo musu a wata bai wuce kimanin yuan 1,000 ba, kuɗin da ko haya ba zai biya ba a matsakaicin birni.

Anti Maman Ilham, ina da ja a wuri ɗaya. Kin ɗora nauyin a kan tafiyar iyaye, ni kuma ina ganin ƙauyen kansa ne. A 2015 wasu masu bincike, cikinsu har da Scott Rozelle na jami'ar Stanford, suka haɗa bayanan yara sama da 140,000 daga larduna 10, suka kwatanta waɗanda aka bari da waɗanda iyayensu ke gida, a kan lafiya da abinci da karatu. Waɗanda aka bari ba su gaza ba, a wasu ma'aunan ma sun ɗan fi, wataƙila saboda kuɗin da ake aikowa. Abin da ya tayar da hankali shi ne duka rukunin biyu a baya suke. A nan lardin Shaanxi da nake, ayarin nasa sun gwada jarirai a ƙauyuka suka samu kusan rabinsu da ƙarancin jini. Mu a asibiti mun san me wannan ke yi. Yaron da jininsa ya yi ƙasa yakan zama mai saurin fushi, mai kasala, ba ya iya tattara hankali. Ya shiga aji malami ya ce ba ya ji, alhali tun yana goye abin ya fara. Sun kuma tarar ƙalilan ne cikin masu rainon ke karanta wa yaro labari ko yi masa waƙa ko wasa da shi, ko uwa ce ko kaka. Ba don ba sa son sa ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa hira da jariri tana gina masa ƙwaƙwalwa.

Maman Ilham, Wuhan:
Likita, na san binciken, kuma ban musa shi ba. Amma dubi abin da ya auna: tsayi, nauyi, jini, makin jarrabawa. Kuɗin da ake aikowa suna iya sayen ƙwai da madara. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike 111, guda 91 daga Sin, a kan yaran da iyayensu suka yi ƙaura suka bari. An same su sun fi sauran shiga haɗarin ciwon damuwa, fargaba, tunanin hallaka kai, munanan ɗabi'u da shaye-shaye. Don haka duka biyun gaskiya ne. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne zaɓin da aka bar wa mahaifiya irin wadda Alhaji ya ba da labari: ko ta zauna da ɗanta su rasa kuɗin makaranta, ko ta samo kuɗin ta rasa ɗan. Matar injiniya ba wanda ya ajiye mata wannan zaɓin a gabanta.

Baban Sultana:
Ina bayan Malam a wani ɓangare. Ku fa kuna ta zancen ƙauye. Ina labarin 'ya'yan masu kuɗin? Ba su ne aka yi wa laƙabi da ƙananan sarakuna ba saboda sangarta? Yaro ɗaya tilo, iyaye biyu, kakanni huɗu, kowa na rawar jiki a kansa.

Maman Ilham, Wuhan:
Haka ne, dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, kuma a birane ta fi tsanani. Amma matsalar ɗan birni mai gata ba sangarta kaɗai ba ce, har da matsi. Unguwar Haidian a Beijing ta yi suna da iyaye mata masu cika wa yaro jadawali tun daga asuba: lissafi, Turanci, piyano, ninƙaya. Iyali su sayi ɗan ƙaramin tsohon gida da tsadar gaske don kawai yana yankin makaranta mai kyau. Duk saboda gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Yuni, wadda sama da mutum miliyan 13 suka yi wa rajista a 2024. Yara da yawa ba sa samun isasshen barci, fargaba ta kama su. A Yulin 2021 gwamnati ta rage aikin gida, ta hana kamfanoni cin riba da lesin ɗin darussan makaranta. Me ya biyo baya? Masu hali suka koma ɗaukar malami a ɓoye ya zo har gida, da tsada fiye da da.

Bambancin da nake gani shi ne abin da ke faruwa bayan matsalar ta bayyana. Ɗan birni ya kasa zama a aji, uwarsa mai digiri ta lura, ta kai shi babban asibiti, a ba abin suna, a fara magani, a yi wa malami bayani. Ɗan ƙauye mai irin wannan lalurar, sunan da zai samu shi ne mara ji. A mayar da shi kujerar baya, a yi ta dukansa, ya tsani makaranta, ya faɗa cikin irinsa. Likitocin ƙwaƙwalwar yara a ƙasar ba su da yawa, kuma a manyan birane suka taru.

'Yar Maradi:
Sannunku da muhawara. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wannan zancen bai yi min nisa ba. Mu nan da an gama girbi maza ke tafiya cirani, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Abidjan ko Legas. Amma galibi uba ne ke tafiya, uwa tana nan, kuma da damina ya dawo. Su can uwa da uba duka, shekara da shekaru. Wannan ba ɗaya ba ne.

Tambayata ga Maman Ilham: wa ke amsa tambayoyin binciken? Don in kika tambayi tsohuwa lafiyar jikanta, "lafiya lau" za ta ce miki, in dai ya ci ya ƙoshi bai yi zazzaɓi ba. Yarinyar da ta daina magana, ta koma lungu, ita ce ma za a yaba, a ce mai kunya ce, ba ta da fitina. Na sha ganin irinsu a wurin aiki, sai an kawo su da ciwon ciki ko ciwon kai da ba a gano dalilinsa ba, ka zauna da su kaɗan sai hawaye.

Maman Ilham, Wuhan:
'Yar uwa, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Takardar da aka fi amfani da ita mai tambaya 25 ce, wadda wani likitan Ingila, Robert Goodman, ya fitar a 1997. Akwai ta iyaye, ta malamai, da ta yaron kansa in ya kai shekara 11. Sau da yawa amsoshin ukun ba sa haɗuwa. Babba ya fi ganin ƙiriniya, don ita ke damun sa. Ƙunci kuwa sai an tambayi mai shi. Shi ya sa nake zargin adadin masu cin ciki a ƙauyuka ya fi abin da aka rubuta, musamman mata.

Batun kunya kuma akwai wani aiki da nake so ƙwarai. Xinyin Chen da abokan aikinsa sun gwada 'yan firamare a Shanghai a 1990, da 1998, da 2002. A 1990 yaro mai kunya da kawaici shi ne abin so, abokai na yi da shi, malamai na ba shi shugabanci. Zuwa 2002, bayan kasuwa ta buɗe, aka koma son mai baki da zafin nama, sai mai kunyar ya zama wanda ake ƙi, mai fama da damuwa. A karkara kuwa an tarar kunyar ba ta zubar da darajarta da wuri haka ba. Ku duba ɗan ƙauyen da aka raina a kan sunkuyar da kai, aka kawo shi ajin birni inda ake ɗaukar hakan a matsayin gazawa, ga harshensa na ƙauye, ga takalminsa. Halinsa bai canza ba, ma'aunin ne ya canza.

Sadaukin Zazzau:
Duk na ji, amma kada tausayi ya rufe mana ido. A Maris ɗin 2024 a Handan, lardin Hebei, aka kama yara uku 'yan shekara 13 da zargin kashe ɗan ajinsu da binne shi. Duk ƙasar ta girgiza. Rahotanni sun ce irin yaran nan ne da aka bar wa kakanni. To a ce musu me, talauci ne ya sa? A Disamba kotu ta yanke wa ɗaya ɗaurin rai da rai, ɗaya shekara 12. Ni na ga daidai ne. Tun 2021 ma suka gyara doka, ɗan shekara 12 zai iya fuskantar shari'a a kan kisa in babban ofishin masu gabatar da ƙara ya amince.

'Yar Maradi:
Innalillahi. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Maman Ilham, Wuhan:
Ba wanda ya ce kada a hukunta, Sadauki. Bayanin dalili ba wanke laifi ba ne. Amma ka tuna rahotannin sun ce shi ma yaron da aka kashe a hannun kakanni yake. Irin yaran nan ana cutar da su fiye da yadda suke cutarwa, don mai zalunci ya san ba uban da zai zo makaranta gobe ya tsaya musu. Bayan abin da ya faru na ga yadda aka riƙa zancensu a intanet kamar dukkansu abin tsoro ne, kuma wannan ya ƙona min rai. A Bijie da ke lardin Guizhou, a Nuwamban 2012, yara maza biyar suka shiga cikin babban kwandon shara suka kunna gawayi don sanyi, hayaƙin ya kashe su. A Yunin 2015, a yankin dai, 'yan gida ɗaya su huɗu, babban ɗan shekara 13, ƙaramar 5, suka rasu a gidan da suke zaune su kaɗai ba babba ko ɗaya. Waɗannan ba su taɓa kowa ba. Duniya ba ta san da su ba sai da aka ɗauki gawarsu.

Malam Na Sakkwato:
Allah ya kyauta. Wannan ya taɓa ni. Amma har yanzu maganata tana nan: abin da ya ɓace shi ne mai tsawatarwa. Kaka ba ta iya riƙe bulala, jika abokin wasanta ne. Da akwai mai hora su da ba a kai nan ba.

Likitan Xi'an:
Malam, a gafarce ni, rabin maganar na karɓa. Mai sa ido, ƙwarai. Bulala kuwa, gidajen marasa ƙarfi ba su rasa ta ba, ita ce ma ta yi yawa. Uban da ya yi awa goma sha biyu a tsaye gaban inji, ga bashi, ga mai gidan haya, ba shi da sauran numfashin da zai zauna ya ji dalilin yaro. Mari ya fi sauri. Rand Conger ya bi iyalan manoma a jihar Iowa ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1980, bayan noma ya karye musu, ya ga yadda abin ke tafiya: matsin kuɗi ya jefa iyaye cikin ƙunci, ƙuncin ya haddasa rigima tsakanin miji da mata, rigimar ta sauka a kan yara da tsawa da duka ko ko-in-kula, sannan halin yaran ya ɓaci. An gwada wannan bayanin a iyalan Sin an ga ya yi daidai da su sosai. Wani bincike na Jennifer Lansford a 2005, a ƙasashe shida har da Sin da Kenya, ya nuna cewa inda duka ya zama ruwan dare illarsa takan ɗan ragu, amma a ko'ina yaron da aka fi duka ya fi zafin rai da fargaba.

Ga kuma abin da ya fi gamsar da ni cewa kuɗin kansu suna da hannu, ba halin iyaye kaɗai ba. A jihar North Carolina ta Amurka ana cikin bin lafiyar wasu yara 1,420, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙabilar Cherokee, sai ƙabilar ta buɗe gidan caca ta fara raba wa 'ya'yanta riba. Ba cacar nake yabo ba, Allah ya tsare mu. Abin lura shi ne kuɗin sun shiga kowane gida, na mai ƙwazo da na malalaci, ba zaɓe. Jane Costello ta buga sakamakon a 2003: yaran da gidajensu suka fita daga talauci, faɗa da bijirewarsu sun ragu har sun yi daidai da na waɗanda ba su taɓa talauci ba. Da aka bi diddigi, abin da ya canza shi ne iyayen sun samu sararin sa ido a kansu. Fargaba da damuwa kuwa ba su motsa ba.

Malam Na Sakkwato:
To ai ka dawo kan maganata, ɗana. Sa ido.

Likitan Xi'an:
Na dawo, Malam, amma da ƙari: sa idon ma sai da sarari, sararin kuma a wannan zamanin da kuɗi ake sayensa.

Baban Sultana:
Ni dai ban yarda a kwatanta 'yan wata ƙabila a Amurka da ƙauyen Guizhou ba. A can iyayen suna gida aka ƙara musu kuɗi. A nan in ka ƙara wa uwar albashi, tana Dongguan har yanzu.

Maman Ilham, Wuhan:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce na Sin yana da nasa salo. Ƙarin albashi ba ya buɗe ƙofar makarantar da takarda ta rufe.

Ɗan Kwari:
To ita gwamnatin tasu me take yi? Don na san su in suka sa abu a gaba ba sa wasa.

Maman Ilham, Wuhan:
Ta yi abubuwa, Alhaji. Tun 2011 ake ciyar da 'yan makarantar karkara a yankunan da suka fi talauci, an fara da yuan 3 a kan kowane yaro a rana, ya kai 5 a 2021. A Fabrairun 2016, bayan abin da ya faru a Bijie, majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da umarni cewa ba a yarda a bar yaro ɗan ƙasa da 16 ya zauna shi kaɗai ba mai kula ba. An naɗa jami'in kula da yara a ƙauyuka, yana zagayawa gida-gida. A Agustan 2021 aka taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, ko da yake yaro irin na matar shagonku da katin shaidar kakarsa zai shiga, ita kuma ba ta san me ake ciki ba. A Janairun 2022 dokar tarbiyyar iyali ta fara aiki, wadda ta ɗora wa iyaye alhaki ko da suna nesa. Ayarin Rozelle kuma sun gwada tura ma'aikata gida-gida duk mako da littattafai da kayan wasa suna koya wa masu raino, an ga ci gaba a yaran.

Hukou ɗin ma an sassauta. An umarci biranen da mutanensu ba su kai miliyan 3 ba su cire shingen. Sai dai aikin da ke biya yana manyan biranen, su kuma sun fi riƙe ƙofa.

'Yar Maradi:
Waɗanda suka yi sa'a suka tafi da yaransu birni fa, su sun tsira ke nan?

Maman Ilham, Wuhan:
Na ɗan lokaci. Yaro zai iya yin firamare a birni kusa da iyayensa, a makarantar gwamnati in maki ya kai, ko a ta 'ya'yan baƙi, irin waɗanda hukumar Beijing ta rufe sama da ashirin a 2011. Matsalar tana jiran sa a gaba. A ƙa'ida gaokao a lardin da rajistarka take ake rubuta ta, kuma manhaja da takardun jarrabawar sukan bambanta daga lardi zuwa lardi. Tun wajen 2013 larduna da dama suka fara barin 'ya'yan baƙi su rubuta a inda suke bisa sharuɗɗa, amma Beijing da Shanghai sun fi kowa tsauri. Don haka iyaye da yawa, da yaro ya kai shekara 12 ko 13, sai su mayar da shi lardinsu ya fara ƙaramar sakandare a can, don ya saba da abin da za a tambaye shi. Su kuma ba za su iya barin aiki su bi shi ba.

Yaron da aka haifa a birni, abokansa duk a birni, wataƙila bai ma iya karin harshen ƙauyen sosai ba, sai ga shi a can. Tsakanin 2001 da 2012 an rufe ɗimbin makarantun ƙauyuka an haɗe su a garuruwa, saboda haka galibi makarantar kwana zai faɗa, a ɗaki mai cunkoso, ƙarshen mako ya je wajen kakar da bai shaƙu da ita ba. A daidai shekarun balaga ke nan, lokacin da ya fi buƙatar mai ce masa ina za ka, da wa kake tafe. Bincike a kan waɗannan da aka mayar ya nuna karatunsu yakan ja baya, kuma sukan sha tsangwama a hannun 'yan ajinsu. Ɗan ajinsa na firamare mai rajistar birni kuwa yana nan a unguwarsu, ya wuce sakandaren da ke bayan gidansu, da yamma ya dawo ya ci abinci da uwarsa.